Kafet ɗin But, Daga Abuja Har Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi da daɗi ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai wani ya matso: Mamman, yaya ƙasar Faransa? Wai da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda? Wai ka samo abin da ka je nema? Wasu don su sani suke tambaya. Wasu sun riga sun sani, so suke su ji daga bakina su yi dariya. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Aji uku na yi a elementare kafin a cire ni, saboda haka wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Sai na fara da motar, don waɗanda ba ’yan garin nan ba. Ƙaramar mota ce ta Turawa, kujera biyu, ba ta da rufi sai tamfol, hancinta dogo, cikinta kusa da ƙasa. Wani Bature mai awon hanya ya zo da ita tun kafin a ba mu mulki, ya karya mata ƙafa a wani rafi kusa da ƙauyen Kado, ya bar ta nan ya koma garinsu. Ta fi shekara goma ƙarƙashin ɗorawa. Wani manomi yana zuba irin doya a but ɗinta, kaji suna ƙyanƙyasa a kan kujerun. Likita ne ya gan ta ranar da ya je yi wa mutanen ƙauyen lamba, ya saye ta, ya sa aka kawo ta garejina.

Ajinmu ɗaya da Likita a elementare, benci ɗaya, kuma ni nake raɗa masa amsar lissafi. Da ubana ya mutu aka kai ni gareji wanke noti, shi ya wuce har Ingila. Ban ce ya yi mini laifi ba. Yadda aka yi na faɗa.

Shekara uku na yi a kan motar nan. Na sauke injin na warware shi har noti na ƙarshe. Ƙasan da tsatsa ta cinye na yanke na ɗinke da sabon ƙarfe. Kujeru na kai wa baduku ya yi da jar fata. Fenti kore, shafe bakwai. Ta tashi, ta yi gudu, har ’yan kasuwa sukan bar rumfa su zo kallo. Abu ɗaya ya rage, kafet ɗin cikin but. Na asalin doya da gara sun gama da shi, ɗan ƙyalle kamar tafin hannu kaɗai na ɓamɓaro daga kusurwa.

Likita yana da wani littafi da ya zo da shi daga Ingila mai hotunan irin motar. Ya buɗe ya ɗora yatsa.

“Mamman, duba nan. Ulu ne mai ruwan toka, bayansa algarara irin ta buhu, an naɗe bakinsa da fata, maɓallan tagulla takwas. Shi nake so, ba mai kama da shi ba.”

Na ce, “Likita, but ne fa. Rufe shi ake yi.”

“Ni na san abin da ke ciki.”

Sannan ya ce in ban samo ba kafin babbar Sallah, zai kai motar Kaduna wurin wani Bature ɗan Italiya mai gareji, ya yi odar kafet daga waje ya ƙarasa aikin. Na san mutumin. Duk motar da ta fita daga hannunsa sai ya buga mata ɗan faranti mai sunansa a jikin ƙofa, ko da madubi kawai ya ɗaura. Wato shekarata uku ta fita gari da sunan wani. Na kuma faɗi gaskiya: Likita ne ya fara maganar kafet, amma kafin mako ya zagayo na fi shi ciwon abin.

Ɗanjuma direba, mai kai doya Arewa, shi ya ce ya taɓa ganin ’yar’uwar motar nan a Maraɗi, a gidan wani tsoho, an lulluɓe ta da tabarmi. Ɗanjuma maƙaryaci ne, kowa ya sani, amma ya kwatanta hancinta daidai. Na samo takardar buhun siminti, na shimfiɗa a cikin but, na yanke ta daidai da ƙasan, da tudun safayar taya da lanƙwasar tankin mai. Wuraren maɓallai na yi musu alamar gicciye, na ja kibiyoyi masu nuna gaba da baya. Na naɗe ta, na sa ɗan ƙyallen a aljihu, na hau motar Ɗanjuma a saman doya.

Damina ce. Ba mu yi nisa da Tafa ba bel ɗin fanka ya tsinke, injin ya fara tafasa. Ɗanjuma ba shi da wani, ba ya taɓa samun wani. Wata Bafulatana tana cikin fasinja da akuyarta, na roƙi igiyar akuyar. Ta ce in akuyar ta gudu fa? Na ce ta rungume ta. Na tuƙa igiyar riɓi biyu na ɗaura, ta kai mu Kaduna. Da muka sauka fasinja suka yi ta sa wa Ɗanjuma albarka, direba gwani, Allah ya bar ka da iyayenka. Bafulatanar ce kaɗai ta yi mini magana, ta ce na lalata mata igiya.

A Kaduna muka kwana biyu, Ɗanjuma yana neman sabon bel, ni ina zaga ’yan kayan tsofaffin motoci, ko Allah zai rage mini hanya. Wani ɗan kasuwa mutumin Gabas, wanda bai daɗe da dawowa bayan yaƙi ba, ya karɓi ƙyallen ya murza ya shinshina. Ya shiga ciki ya fito da kafet ja mai furanni irin na falo.

“Oga, wannan ta fi naka kyau. Naka ya tsufa. Ka yanka wannan ka sa, mai mota za ta yi murna.”

Na ce ba kyau nake nema ba.

“To me kana nema?”

Na ce irin wannan sak.

Ya mayar mini da ƙyallen da hannu biyu, ya ce, “Allah ya taimake ka, oga. Ciwonka ba na kasuwa ba ne.” Ban ji haushinsa ba. A duk tafiyar nan shi ne ya fi saurin gane ni.

Zariya da Funtuwa wucewa kawai muka yi, ba abin faɗa sai ruwan sama da ya jiƙa ni har wando, na cusa takardar simintin cikin riga don kada ta narke. A Katsina Ɗanjuma ya sauke doyarsa, ya haɗa ni da wata motar gyaɗa mai tsallakawa iyaka, amma sai jibi za ta tashi. Na sauka a gidan baƙi kusa da tasha, ɗaki ɗaya mu shida. Tuwon gero da miyar kuka safe da yamma. Mu da muka saba da sakwara, tuwon nan kafin ka wanke hannu ya bar cikinka. Wani mai sayar da fatu da muke ɗaki ɗaya ya saurari maganata ya ce, “Malam, kai Bagwari ne?” Na ce Bahaushe ne, na Abuja. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce doyar da ya ci jiya da manja wa ya noma masa? Bai sake yi mini magana ba, ni ma ban rasa kome ba.

Bayan Jibiya aka zo iyaka. Namu suka duba mu suka ce mu wuce. Da muka tsallaka sai direba ya karkata ya koma hannun dama, ni da na saba da hagu na riƙe ƙarfe ina jiran karo. Ana ta cewa mu ma za a mai da mu wannan hannun. In an yi, makanikai za su ci abinci.

A wurin jandarmomi aka sauke kowa. Wani dogo mai ɗan gashin baki ya zazzage ƙunshina, ya warware takardar simintin a kan tebur. Ya ga gicciye takwas, ya ga kibiyoyi, ya ga da’ira a tsakiya. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku.

“Wanga taswirar ina ce?”

Na ce ta but ce.

“But wane gari ne?”

Na ce ba gari ba ne, bayan mota ne, inda ake sa kaya. Suka yi Faransanci a tsakaninsu. Aka zaunar da ni a benci, motar gyaɗa ta tafi ta bar ni. Sai bayan azahar babbansu ya zo a wata ƙaramar mota. Na roƙi a buɗe bayanta, na durƙusa na shimfiɗa takardar a ciki, na nuna masa inda safaya take zama da inda maɓalli ke kamawa. Ya daɗe yana kallona.

“Tun daga ƙasar Ingilishi ka taho don tabarmar bayan mota?”

Na ce i.

Ya fassara wa sauran, suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Sannan ya sa aka ba ni fura, ya tsayar da wata mota ya ce a kai ni Maraɗi. Ban san ko kirki ba ne ko tausayin mahaukaci.

Ga masu tambayar burodi: i, dogo ne, ana rataye shi a hammata ba ko takarda, kuma in ya kwana sai ka fasa shi da guduma. Ƙasarmu Ingilishi suke ce mata, kamar yadda muke ce wa tasu Faransa, alhali duk Hausa muke yi. Da rana ta take sai su rufe kome, ofis da kanti da gareji, kowa ya je ya kwanta sai la’asar. Na ce a Abuja makaniken da ya kwanta da rana sai a ce ba shi da lafiya. Suka ce shi ya sa muke saurin tsufa. Fura kuwa ita ce abincinsu, ita ce ruwansu, ita ce gaisuwarsu.

Gidan tsohon bai yi wuyar samu ba, kowa ya san Baba Sha’aibu Kuku. Shekara talatin ya dafa wa wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa abinci. Da mutumin zai koma gida, maimakon sallama sai ya bar masa motar. Baba Sha’aibu bai iya tuƙi ba, bai taɓa koya ba. Ya gina mata rumfa, kowace Juma’a yana goge ta da tsumma. Ya ji daga inda na fito, ya ce ba zan kwana a tasha ba, ya ba ni ɗakin zaure. Matarsa Inna Hajo, ’yar tsohuwa mai kuzari, tun daga ranar ta fara ce mini ɗana.

Da aka yaye tabarmin na ga ita ce, sai dai fara ce kuma sitiyarinta a hagu. Na buɗe but. Kafet yana nan, ko gara ba ta taɓa shi ba, fatar bakinsa lafiya, maɓallai takwas. Ya yi baƙi da dauɗa, yana wari, amma na ɗora ƙyallena a kai, saƙa ɗaya ce. Na tambayi warin na mene ne. Ya ce maigidansa maharbi ne, gadu, aladen daji, yake harbowa ya jefa a nan, ga kwalaben giya da suke fashewa a hanya.

Na ce ya sayar mini. Ya ce ba ya sayar da ko noti ɗaya.

Na ce, “Baba, shekara talatin kana hura wa mutum wuta, ya biya ka da abin da ba ka iya motsawa, kai kuma kana gadinsa?”

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Kai kuma da ka baro garinku don tabarmar motar wani?”

Sannan ya ce tun ranar da mutumin ya tafi bai sake jin kukanta ba. In na sa ta yi kuka sau ɗaya, in ɗauki kafet.

Kwana huɗu na yi. Man da ke tankin ya zama kamar ɗanko. Na wanke kafireto da kananzir, na goge fulogi, na ari batir a wurin wani mai gyaran manyan motoci, wanda ya tsaya a kaina yana gaya mini yadda ake yi a Faransa. Ranar Alhamis da hantsi ta yi tari sau biyu ta kama. Hayaƙi ya cika gidan, awaki suka tsallake danga. Baba Sha’aibu ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana kallon bangon rumfa. Bai ce a fita da ita ba. Da man da na zuba ya ƙare ta mutu da kanta, ya fito ya ce, “Ɗauki abinka.”

Na ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa kafet a tsakar gida na ɗora takardar simintin a kai. Baki ya hau baki, gicciye takwas suka hau maɓalli takwas. Ban taɓa auna abu ya zo daidai haka ba a rayuwata. Na naɗe shi na jingine a zaure kusa da ƙunshin kayana.

Washegari Juma’a. Muka tafi masallaci da Baba Sha’aibu, daga nan ya ja ni kasuwa wai sai na ga inda ake kilishi. Da muka dawo na hango abu mai ruwan toka a shanye a kan zana, rana tana dukansa. Ga babbar tukunya a kan murhu, ga turmi a kife da kulki a kai. Inna Hajo tana zaune tana shafa wa hannuwanta man gyaɗa, sun yi fari saboda kanwa.

“Ɗana, ka gani? Sau uku na tahasa ruwa. Jinin alade ne hwa, da giya. Ka sa shi kusa da rigar da kake salla da ita? Ba a gidana ba.”

Ya fita tas, ban ƙi ba. Sai ranar na ga ainihin launinsa. Na sauke shi na ɗora takardar. Takardar ta leƙo ta ko’ina. A tsawo ya gaza da yatsu biyar, algararar bayansa ta tattare kamar fatar tsoho.

Duk wanda ya san ulu ya san ba ya shiri da ruwan zafi. Ita ba ta sani ba, kuma ni ban gaya wa kowa kada a taɓa ba. Kun san bakina, na zagi mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Amma kwana biyar ina cin tuwon matar nan. Na ce, “Na gode, Inna. Allah ya saka.” Ta ce ba kome, ai ɗa na kowa ne. Baba Sha’aibu ya dubi takardar, ya dubi kafet, ya shige ɗaki bai fito ba sai magariba.

Na jiƙa shi da ruwan sanyi na kafe shi da turaku a ƙasa yadda majema suke yi wa fata. Ya dawo da yatsa ɗaya. Da na ƙara ja, fatar bakin ta fara tsagewa, na bari. Ranar Lahadi na yi sallama. Inna Hajo ta cusa mini kilishi da dogon burodi biyu a ƙunshi. Dawowa ba abin da ya faru, jandarman nan dogo ya gane ni ya sara mini.

Saura kwana shida Sallah na iso. Na shimfiɗa shi a but. Maɓalli shida suka kama, biyu na ƙarshe ba su kai ba. Can ciki, ƙarƙashin leɓen but, ƙarfe yatsu huɗu a buɗe. Na shafa wa wurin fenti mai ruwan toka, na tura kafet ɗin yadda inuwa za ta rufe. In ba ka durƙusa ka leƙa ba, ba ka gani.

Likita ya zo da yamma da littafinsa. Ya buɗe but, ya dubi hoto, ya dubi kafet, ya shafa shi da bayan hannu, ya taɓa fatar bakin.

“Mamman! Shi ne sak. Wallahi ka yi aiki.” Ya dafa kafaɗata. Tun muna yara bai dafa ni ba.

Na ce, “Ba sak ba ne. Durƙusa ka leƙa can.”

Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe. Ya sa yatsa ya taɓa maɓallan nan biyu da ba su kama kome ba. Na gaya masa yadda aka yi, da gadu da tukunya da duka.

Ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa. “Da ka yi shiru, da ban taɓa gani ba.”

Na ce, “Ni na gani.”

“Yanzu kuma ni ma na gani. Kullum na buɗe, nan idona zai je.”

Na ce haka ne.

Bayan Sallah da kwana biyu aka zo aka tafi da ita Kaduna. Ni na duba mata ruwa da mai, ni na nuna wa direban yadda giya ta biyu take so a lallaɓa ta. Kafet ɗin Likita ya ce in riƙe.

Mai shayi ya ce ni wawa ne. Ɗanjuma ya ce da shi ne da ya rantse a kan ƙaryar da ta fi haka. Matata kuwa tambaya ta yi ko akwai sauran kilishi. Kowa ya faɗi nasa, na ji.

Masu son ganin abin da na je Maraɗi nema, ba sai kun tare ni a wurin shayi ba. Ku zo gareji. Shi nake shimfiɗawa in zan shiga ƙarƙashin mota. Daga kafaɗa zuwa ƙugu yana ɗaukata, ƙasa ba ta taɓa ni. A wannan aikin tsawonsa ya isa.